Sunan Mama a Filin Hoki

Jami'in da ya karɓi fasfona a filin jirgin Roma ya dube ni, ya dubi hoton, ya sake dubana, sannan ya tambayi abin da ya kawo ni Italiya. Na ce wasan hoki. Ya yi wani guntun murmushi irin na wanda ya gaji da jin ƙarya daga bakin 'yan matan Najeriya, ya ce in buɗe doguwar jakar da ke rataye a kafaɗata. Na zuge zif na fito masa da sanduna biyu da robar kare ƙwauri da takalmin wasa. Bai gamsu ba sai da na miƙa masa hannu ya ga kantar da ke tafina, da yatsan da ƙwallo ta taɓa karyawa ya warke a karkace. Ya buga tambari ya turo mini fasfon. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban yi mamaki ba, don ko a Suleja irin kallon da wasu suka yi wa Mama ke nan da suka ji ƙasar da zan je.

Sunana Sadiya. A Suleja aka haife ni, a gidan haya irin wanda ake jin yare huɗu a bakin famfo kafin a cika bokiti ɗaya. Mama tana tuyar waina a Diko, a bakin titi inda direbobi ke tsayawa. Madam Kumfot, malamar wasanninmu 'yar Filato, ita ta fara damƙa mini sandar hoki a sakandare, wai tunda na fiye faɗa da rashin zama wuri ɗaya gara a ba ni abin da zan daka ba tare da an kira iyayena ba. Daga jan filin makarantarmu na tafi ƙungiyar jiha, daga nan aka kira ni Abuja, har na sa koriyar rigar ƙasa. A wata gasa a Ankara ta ƙasar Gana wani mutum da kowa ke kira Oga Manaja ya tare ni bayan wasa. Ya ce akwai kulob a tsibirin Sardiniya da ke son mai tsaron baya irina, kwantiragi na jirana, ɗaki na jirana, shi da kansa zai tarbe ni a Roma.

Oga Manaja bai zo ba. Na tsaya a bakin ƙofar fita har ƙafafuna suka yi tsami, ina duban fuskar duk wani baƙin mutum mai tumbi. Wayarsa a kashe. Har yau da nake wannan rubutu ban ƙara jin muryarsa ba, Allah ya isa tsakanina da shi. Wata mata mai goge dabe ta ga na zauna a kan jakata na zuba tagumi, ta ara mini wayarta, na kira lambar kocin kulob ɗin. Da ɗan Turancinsa mai tsalle-tsalle ya ce in hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku, in shiga jirgin ruwa. Matar ta raka ni har inda ake hawa, tana ta magana da yarenta, ni kuma ina ta gyaɗa kai kamar ina fahimta.

Ni da ruwan da na sani bai wuce na Gurara ba, shi ma daga nesa nake kallonsa, sai ga ni a tsakiyar teku. Kai, na yi amai har na gode Allah. Wani mutum ya yi ta bina daga wannan kujera zuwa waccan yana tambayar nawa ne, sai da na zaro sanda ɗaya na ɗora a cinya na zuba masa ido, sannan ya tuna yana da wani uzuri a ɗaya gefen jirgin.

Koci Bruno ya tarbe ni a tashar jirgin ruwa. Gajere ne mai furfura, ba ya iya magana sai da hannuwa biyu, har a kan sitiyari. A cikin motar ya fasa mini ƙwan. Babu wani kwantiragi. Gwaji ne aka ce in zo, haka suka yi da Oga Manaja tun farko. Gurbi ɗaya ya rage na baƙuwar 'yar wasa, zai dube ni zuwa ƙarshen zagayen farko na gasa, in na yi masa a riƙe ni, in ban yi ba akwai wata a Ajantina da jakarta ke ɗaure. Ya tambaye ni ko ina so ya juya da ni tun yanzu.

Na tuna Mama a gaban tanda, da matan da ke zuwa sayen waina suna cewa, "Italiya fa, Maman Sadiya? To, Allah ya tsare," da wata irin murya. Ta tsaya tsayin daka ta ce wasa 'yarta ta tafi yi, kuma za su gani. In na koma da sanduna a kafaɗa ba kulob ba komai, ba wanda zai yarda cewa fili ne ya ƙi ni, cewa za a yi koro ni aka yi a kan wani abin daban. Na ce wa Koci ya ci gaba da tuƙi.

Ɗakin da aka ba ni yana saman gidan burodi, a wani ƙaramin gari mai tsofaffi da yawa da yara kaɗan. Mu biyu ne a ciki. Wadda ta buɗe mini ƙofa doguwa ce fara sol, 'yar ƙasar Yukren, ta girme ni sosai, gwiwarta ɗaya naɗe da bandeji. Ita ce kyaftin. Ta miƙo hannu ta faɗi sunanta. Na ɗauka kunnena ne, na ce ta sake faɗa. Ta sake.

Sunan Mama Lubabatu ne, amma tun tana yarinya Luba ake ce mata. Na rubuta shi yanzu, hannu ne ya rubuta ba baki ba. Ikon Allah, ashe can wata uwa duniya inda ƙanƙara ke zuba ma suna da shi, sai ɗan lanƙwasa harshe da suke yi a farkonsa. Ni kuwa tun da na buɗi ido ban taɓa furta shi ba. Sau ɗaya ya suɓuce mini ina ƙarama, ina kwaikwayon wata maƙwabciya, Gwaggo ta make mini baki da bayan hannu, ban ƙara ba. A sakandare akwai mai sunan a ajinmu, har muka gama Mai Suna nake ce mata, kuma ba wanda ya taɓa tambayata dalili, don kowa ya sani. A nan kuwa wa ya sani? Na riƙe hannunta na ce sannu, Anti.

A ɗaki abin bai dame ni ba. In ina son magana da ita sai in yi gyaran murya, ko in zagayo ta gabanta. Fili ne ya tona mini asiri.

Filinsu na roba ne, shuɗi, ana fesa masa ruwa kafin a fara, ƙwallo na gudu a kai kamar an shafa mata mai. Wannan bai tsorata ni ba, na taka irinsa. Sanyin safiya ma na daure, na ƙara dogon wando a ƙarƙashin siket, na ɗaure ɗan hijabina na wasa tamau. A gudu ba wadda ta kamo ni, a ƙwace ƙwallo kuwa har 'yan gabanmu suka fara kauce wa gefena. Koci ya ajiye ni a can ƙarshen baya, kyaftin tana gabana kaɗan. Ya ce ita ce ƙwaƙwalwar ƙungiya, amma gwiwarta ta gaji, ba ta iya juyawa da sauri. Ni da ke bayanta ina ganin komai, don haka ni ce idon ƙeyarta. In abokiyar hamayya ta sulalo ta bayanta, in kira sunanta, in faɗi gefen. Ya koya mini kalmomi biyu: destra dama, sinistra hagu. Na haddace su kafin ya rufe baki.

Matsalar ita ce kalmar da ke zuwa kafin su. In na ce sinistra kawai, mutum uku su juya, ko ba wadda za ta juya. Na gwada Anti, ba ta san da ita nake ba. Na gwada Kyaftin, ya yi tsawo, kafin in gama faɗa an wuce. Wata rana na daka mata "Ke!" da ƙarfi, ta tsayar da tirenin, ta tako har gabana, ta ce ita ba karya ba ce da za a riƙa yi mata tsawa, tana da suna kamar kowa, kuma ta ga ina kiran na sauran ba tare da harshena ya karye ba. Na sunkuyar da kai. Turancinta kaɗan ne, nawa na Suleja ne mai haɗe da burokin, Italiyancina bai wuce gaisuwa ba. Ta ina zan fara?

Wasanmu na farko aka ci mu ɗaya, kuma ni na sa. Ina kallon yarinyar ta lallaɓo ta hagun kyaftin, ina ganin wadda za ta turo mata ƙwallo ta ɗaga kai. Na buɗe baki, sunan ya taho har maƙogwaro ya tsaya cak. Na ruga in tare da kaina, ban kai ba. Ƙarar ƙwallo a katakon raga har yanzu ina jinta. Wasa na biyu ma kusan haka, sai dai golarmu ta cece mu.

Koci ya kira ni gefen fili ya nuna mini hoton wasan a wayarsa. Ya tsayar da shi daidai inda bakina ke hangame ba sauti. Ya ce ƙafata ta yi, hannuna ya yi, zuciyata ma ya ga ina da ita, amma bebiya a ƙarshen baya ba ta da amfani a wurinsa. Ina sauraro kaina a ƙasa kamar yadda aka koya mini in babba na magana, wannan ma ya ƙara tunzura shi, ya ce in dube shi, ko takalmina ne ke yi mini bayani? Ya tambaya ko mun yi faɗa da kyaftin, na ce a'a. Ko ina neman gurbinta ne, na ce a'a. To me ya sa? Na ce ba zan iya ba. Ya ɗaga hannuwa sama. Ya ce wasan ƙarshe na zagayen yana nan tafe, da ƙungiyar da ke kan gaba, in bai ji muryata a ranar ba, in fara haɗa kaya.

Zaman ɗaki ya yi nauyi. Da can in ta dafa wata jar miyarsu mai tsami sai ta zuba mini a kwano ta ajiye, ko da na sha da ƙyar. Yanzu ta daina. Mu wuce juna a ƙofar banɗaki kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. Ƙamshin burodi na tasowa daga ƙasa kullum da safe, ni kuwa wainar Mama nake so, mai zafi, da miyar taushe da ɗan yaji a gefe. Shirun garin ya fi komai damuna. Na yi kewar hon ɗin tireloli a Diko, da 'yan acaɓa masu zagin juna, har da waƙar cocin da ke bayan gidanmu wadda da nake tsaki in ta tashe ni ranar Lahadi. In na kira Mama sai in ce komai lafiya lau, ana ji da ni. Ita kuma ta ce duk wanda ya zo sayen waina tana nuna masa hotona da shuɗiyar riga.

Na yi ƙoƙari, kada a ce ban yi ba. Na je bayan fili inda ba kowa, na tsaya gaban katanga na ce yau sai na faɗa. Sai in ga fuskar Mama, ɗankwalinta ya zame, gumi a goshinta, tana juya waina da tsinke. In ji kamar zan ɗaga mata hannu ne. Na koma ɗaki ina jin haushin kaina, ina jin haushin Oga Manaja, ina jin haushin iyayen kyaftin da duk sunayen duniya suka rasa na sa mata sai wannan.

Ranar kasuwar garin na fita neman barkono mai zafi, don nasu ado ne kawai. Ina ratsawa ta layin masu sayar da bel da lema sai na ji wani yana waya yana cewa a gaida mutanen gida, a ce wa yara su yi karatu. Da Hausa. Na tsaya kamar an dasa ni. Dattijo ne siriri, da hular sanyi har kunne. Ya gama ya ga ina kallonsa, na durƙusa na ce Baba ina wuni. Wayar ta kusa faɗuwa daga hannunsa.

Sunansa Baba Ilu, mutumin Tawa ne a Nijar, ya daɗe a tsibirin har Italiyanci ya zauna a bakinsa. Ya jawo mini kwali na zauna, ya zuba mini shayi daga fulas, ya ɗauko ƙullin yaji da na kuka daga cikin jakarsa ya ce in tafi da su, wai ɗiyarsa ba za ta zauna da baki salam ba yana garin. Ban san lokacin da na kwashe komai na gaya masa ba. Da na zo kan maganar suna ya yi dariya har ya sarƙe da tari. Daga baya ya ce shi ma tasa uwar ta rasu yana nan, kuma har gobe in aka tambaye shi sunanta a ofis sai dai ya rubuta a takarda ya tura musu. Ya tattara lemomin da yake sayarwa ya ba maƙwabcinsa ajiya, ya ce in wuce gaba mu je.

Mun tarar da kyaftin ta miƙe ƙafa a kan kujera da ƙanƙara a gwiwa. Baba Ilu ya cire hula, ya yi mata bayani da Italiyanci, a hankali, yana nuna ni, yana dafa ƙirji. Ina kallon fuskarta tana sauyawa. Ta tambaye shi wani abu, ya juyo ya ce wai tana so ta sani, duk wannan lokacin girmama ta nake yi? Na ce ya gaya mata gaskiya, Mama nake girmamawa, amma ita ma ta samu rabonta. Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta na ciki. Ta ce tana da ɗa namiji da ta bari wurin tsohuwarta, kuma da za a ce wata rana zai ji nauyin sunanta haka, da ta yi barci mai daɗi. Sannan ta tambayi yadda muke kiran mai sunan uwa a wurinmu. Na ce Ummi. Ta maimaita shi sau biyu, ta ce ta karɓa.

Da yamma na yi mana miyar kuka da tuwon semo. Ta ci loma biyu, hawaye na zuba saboda yajin Baba Ilu, ta ce da daɗi, ta tashi ta sha ruwa kofi guda.

A tirenin abin ya yi kyau. In ce Ummi, destra, ta juya. Sauran 'yan wasan suka ɗauka, har gola ta fara kiranta haka don tsokana. Koci ya ji labarin, ya kaɗa kai, ya ce ko Fafaroma zan kira ta ba ruwansa, in dai za ta ji. Na saki jiki na ce an gama.

Ranar wasan ƙarshen aka tashi da iska. Tsibirin nan yana da wata iska da ke tasowa daga teku, mai kwashe shanya daga igiya, mai mayar wa mutum da maganarsa cikin baki. 'Yan kallo sun zo da ganga da ƙaho. Tun a kwata na farko na gane na shiga uku. Ummi suna ne da ake faɗa da baki a rufe. Ga robar kare haƙora a bakina, ga iska, ga ganga, abin da ke fita bai wuce gurnani ba. Kuma wadda ta shekara talatin da wani abu tana amsa suna ɗaya, ba za ta koyi juyawa ga sabo a 'yan kwanaki ba, balle ƙwallo na yawo a gabanta. Sau biyu na kira ba ta ji ba. Na farko na kai da gudu na share, na biyu sandar raga ce ta taimake mu.

Muka ci ɗaya daga gajeriyar kwana, wato bugun kusurwa na kusa da raga, suka rama kafin hutun rabin lokaci. A hutun kyaftin ta ce in yi haƙuri, ba ta jin komai a can. Da aka shiga kwata na ƙarshe na hango ya taɓa kafaɗar wadda ke zaman benci a gurbina, ta miƙe ta fara ɗumama jiki. Na san ma'anar wannan. In ya cire ni, ya gama yanke hukunci.

Suna da wata 'yar gaba gajeruwa mai jan ƙyalle a goshi, mai wayon tsiya. Ta lura kyaftin ba ta juyawa hagu da sauri. Na ga ta ja baya kamar ba ruwanta, sannan ta sulalo ta ƙeyarta, ta nufi bakin da'irar da ke gaban ragarmu. Ni ina riƙe da wata, in na sake ta an gama da mu. Mai ƙwallo ta ɗaga kai. Na ce Ummi, iska ta kwashe. Na sake cewa Ummi, ko gezau.

Ban yi wani dogon tunani ba, babu lokacinsa. Abin da na sani shi ne ban ratso teku ina amai don in koma Diko in tsaya kusa da Mama ana nuna mu da baki ba. Na tofar da robar haƙoran a ƙasa, na cika ƙirji da iska.

"Luba! Sinistra!"

Har 'yan ganga sai da suka ji. Ta juya kafin in rufe baki, ta shimfiɗa sandarta a ƙasa, ƙwallon ta zo ta daki sandar ta tsaya. Ta ɗauke ta ta aika gaba. Ni kuwa bakina ɗaci kamar na tauna maganin zazzaɓi, ina jiran bayan hannun Gwaggo. Ba abin da ya faɗo daga sama. Wasa ya ci gaba, mai jan ƙyalle ta sake dawowa, na sake kira. Na kira ta dama, na kira ta hagu, na kira har muryata ta dushe, kuma kowane kira sai na ji shi a ƙirjina. Wadda ke ɗumama jiki ta koma ta zauna. Aka tashi kunnen doki, wanda a wurinmu ya fi ƙarfin a kira shi sa'a.

Kyaftin ta tako tana ɗingishi, ta kama kaina da hannu biyu ta haɗa goshinta da nawa. Ta ce ta san abin da na biya, kuma a ɗaki da kan hanya Ummi take, ba ta yarda in canja ba. Koci ya zo yana ta magana da hannuwa, ya ce ashe ina da murya na bar shi yana tsufa a banza. Ya ce in zo ofis da safe in sa hannu, sauran kakar wasa tawa ce, da mai zuwa.

Ban jira na koma ɗaki ba. A bakin fili na zauna, takalmi a jiƙe, na kira Mama. Ina jin ƙarar tireloli a bayanta da cuwwar mai a tanda. Na ce an riƙe ni. Ta yi hamdala ta fi a ƙirga, na ji tana gaya wa na kusa da ita, har wata ta rangaɗa guɗa. Da hayaniyar ta lafa na ce Mama, akwai magana. Na gaya mata gaskiyar gwajin da na ɓoye, na gaya mata kyaftin ɗinmu mai sunanta ce, da yadda aka yi yau.

"Kika kira shi? Da bakinki?"

"Da bakina, Mama. A gaban mutane, da ƙarfi. Ki yafe mini."

Ina jin tsinkenta yana taɓa tanda.

"Ta juyo?"

"Ta juyo."

Ta ja numfashi. Ta ce tun da Yaya Hanne ta rasu ba wanda ya ƙara kiranta da shi. Daga Maman Sadiya sai Mai Waina, har ita kanta takan daɗe ba ta tuna tana da wani suna ba. Muryarta ta ɗan karye, ta yi gyaran murya ta ce hayaƙi ne. Ashe sunan yana can ƙasar Turawa yana tare wa 'yarta ƙwallo, in ji ta, ita tana nan ba ta sani ba.

Hawaye na ta zuba a kan siket ɗina.

"Ki kira shi, Sadiya, na ba ki. A fili kawai, ban da gida. Amma ki gaya wa takwarar tawa ta riƙa juyowa a kira na farko, kada ta sa ki yi ta nanata ni a gaban jama'a."